Saiwar Tafashiya da Jerin Hukuma

A shekarar 2013 wasu masana kimiyya daga Faransa da Kamaru suka fito da wani labari mai ban mamaki, wai sun sami sinadarin tiramadol a cikin saiwar tafashiya, itaciyar nan da kakanninmu suka daɗe suna jiƙawa saboda zazzaɓi da ciwon ciki. Dalilin mamakin kuwa shi ne, tiramadol ba a san shi da tsiro ba. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya harhaɗa shi a 1962. Shekara na zagayowa sai wasu masanan daga Dortmund suka bi sawun maganar, suka tarar ba a nan gizo ke saƙa ba. Ashe manoman arewacin Kamaru ne ke shan ƙwayar, su kuma ɗura wa shanun huɗa domin su jure zafin rana; fitsari da kashi su shiga ƙasa, saiwa ta zuƙe. Saiwoyin da aka tono a kudancin ƙasar ba a sami komai a cikinsu ba.

Wurin da wannan abu ya faru ba wata uwa duniya ba ce. Wanda ya hau duwatsun Kwaja a Mubi ta Kudu, ƙasar Kamaru yake hange, kuma ranar da ke dukan manomin can ita ce ke dukan na nan. Saboda haka tambayar da nake son mu juya tamu ce: a lokacin da hukuma ta rubuta sunan wata ƙwaya a cikin jerin abubuwan da ta sa wa takunkumi, muguntar da ke cikin ƙwayar ta gano, ko kuwa rubutun ne ya mayar da ita muguwa?

Mu ɗauki tiramadol ɗin kansa. Hukumar NAFDAC ta yarda da ƙwaya mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100, bisa umarnin likita. Mai 225, wadda aka fi yin fasa-ƙwaurinta daga Indiya, haramtacciya ce. Sinadarin ɗaya ne, ba a canja masa ko ɗigo ba, amma a wannan mizani sunansa magani, a wancan kuma sunansa laifi. Daɗin daɗawa, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, wadda ta jera wiwi da hodar iblis da dangoginsu, ba ta ƙunshi tiramadol ba. Kowace ƙasa ita ke shata nata layin. Ke nan ba wahayi ba ne. Mutane ne suka zauna, suka auna, suka yanke.

Tarihi ma ya nuna cewa mai aunawa yana iya sake tunani. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya hana shan gahawa, ba a daɗe ba hanin ya faɗi. A farkon ƙarni na 17 malaman Magrib da na Sudan sun yi ta jayayya a kan taba, har Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawar halaccinta. Yau ga tabar nan ana sayarwa a kowane tebur, hukuma na karɓar harajinta, alhali babu likitan da ke musun ɓarnar da take yi wa huhu. Wanda ya ce jerin hukuma tsantsar ma'aunin cuta ne, to bai duba da kyau ba. Akwai cuta a cikin lissafin, amma akwai al'ada, akwai kasuwa, akwai kuma tsoro.

A nan ne wasu ɗalibanmu masu zafin kai sukan yi tsalle su ce, tun da jerin ƙirƙirar mutum ne, ai ba shi da wata hujja a kan kowa. Wannan magana ba ta da ƙafa. Iyakar gona ma mutum ne ya shata ta, amma wanda ya ƙetare ta ya ci haƙƙin maƙwabci. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan asibiti ne irin su tiramadol da kodin suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya taɓa ganin saurayi ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure bayan ya haɗiyi ƙwaya fiye da ƙima, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Dole a shata layi. Abin tambaya shi ne da wane alƙalami.

Malaman fiƙihu sun bi hanyar illa, wato dalilin hukunci. Hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, don haka duk abin da ya gusar da shi ya shiga hukunci, ko an san sunansa ko ba a sani ba. Wannan hanya tana da faɗi: ta kama zaƙami da ke tsirowa a bayan gida, ta kama sholisho da mai faci ke liƙe taya da shi, ta kama abin da za a ƙirƙiro gobe. Hukumar zamani kuwa hanyar suna take bi, shi ya sa kullum take baya. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da harhaɗa maganin tari mai kodin, kwana ɗaya ko biyu bayan fitowar wani shirin binciken BBC. Matakin ya yi daidai, sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin mai neman maye yana da sauran hanyoyi.

To, me ya hana hukuma ta bar suna ta kama illa? A ganina wannan nawa da ake zargin doka da ita, ita ce garkuwar talaka. Malami yana yi wa zuciya magana, ita kuwa hukuma tana da kurkuku da bindiga. In aka ba ɗan sanda ikon ya kama duk wanda ya ga alamar hankalinsa ya gushe, ba tare da rubutaccen jeri ba, to an ba shi ikon kama wanda ya ga dama. Mun ga irin wannan a ƙasar nan. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta sanya hukuncin kisa a kan fataucin hodar iblis, aka kuma mayar da aikinta baya, ta hau kan laifin da aka aikata tun kafin a kafa ta. Ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe mutum uku a Legas. An janye hukuncin kisan daga bisani, aka kafa hukumar NDLEA a 1989, amma waɗanda aka harbe sun tafi ke nan. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa ba a hukunta mutum a kan abin da ba rubutaccen laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Da Majalisar Dattawa ta sake tayar da zancen kisa a 2024, na so a ce an tuna da wancan watan Afrilu.

Sai dai jerin, duk da amfaninsa, makaho ne ta fuska biyu. Ta farko, ya san sunan ƙwaya, bai san gajiya ba. Ɗan ƙwadagon da ke noman tudu daga hantsi zuwa la'asar, da mai tura baro a kasuwar Mubi, da ɗan acaɓa, da yawansu ba nishaɗi ya kai su ba. Jiki ne ya ƙi, ciki kuma ya ce dole. Mutumin da ya ɗura wa sansa ƙwaya ba maye yake nema wa dabbar ba, huɗa yake so ta ƙare kafin ruwa ya wuce shi. Ba ina wanke shi ba ne, domin ya cuci kansa, ya cuci dabbar da Allah ya ba shi amana. Amma alƙalin da ya yi masa kuɗin goro da attajirin da ya shigo da kwantena guda ta tashar jiragen ruwa, ya bi harafin doka ya bar adalci a waje.

Fuska ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa ba. Duk ƙofar da aka rufe saboda mashayi, akan rufe ta har da majinyaci. Mofin yana cikin jerin 1961, kuma shi ne maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin muhimman magunguna domin raɗaɗin ciwon daji. Wani kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2017 cewa abin da Nijeriya ke samu na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatar masu jinyarta ba. Takardun izini sun yi yawa, mai kantin magani yana gudun zargi, likita yana ɗari-ɗarin rubutawa. Sakamakon haka, saurayi mai lafiya yana iya samun haramtacciyar ƙwaya a bayan tasha da 'yan canjin aljihunsa, ita kuwa tsohuwar da ciwon daji ya ci ƙashinta a wani ƙauye na kan dutse, sai 'ya'yanta su kwana a kanta suna yi mata fifita.