Takardar Shaida da Amanar Abin Daji

Ya kai mai karatu, abin da ba wanda ya shuka, na wane ne? Kifin tafki, ƙaron daji, kaba da goriba, duk Allah ne ya ajiye su. Shin duk wanda ya riga kai hannu yana da ikon kwashewa ƙaf?

Dubi abin da ya faru a tekun Filifin da Indunisiya. Akwai waɗansu ƙananan kifaye masu launi iri-iri da masu kuɗi a Turai da Amurka suke saye, ba don ci ba, sai don su zuba a akwatin gilas su yi ado. Da cinikin ya bunƙasa, sai waɗansu masunta suka shiga fesa guba a cikin duwatsun murjani. Kifi ya bugu, a kama shi da sauƙi. Amma da yawa kan mutu a hanya, murjanin da yake gidansu shi ma ya mutu.

A shekarar 1998 aka kafa wata ƙungiya mai suna Marine Aquarium Council. Ta tsara ƙa'idodi: a kama da koma, ban da guba, kada a ɗebi fiye da abin da wuri zai iya mayarwa. Wanda ya bi, a ba shi takardar shaida. Dabara ce mai kyau, gama mai saye yana nesa, ba ya ganin yadda aka kamo. Amma ƙungiyar ba ta yi ƙarko ba. Masunci ya sha wahalar bin doka, kuɗin kifinsa kuwa bai ƙaru yadda zai ji a aljihu ba.

Yanzu komo gida. Ana ba da labari cewa a zamanin sarakunan Damagaram, wanda ya sare gawo sai ya gamu da horo mai tsanani. Daga baya dokar gandun daji ta mai da itatuwa na gwamnati, aka sa tara, duk da haka gonaki suka yi ta zama fili fetal. Sai bayan farin 1984 manoman Matameye, Magarya da Mirriya suka dukufa wajen renon tsiron gawo a gonakinsu. Me ya sauya? Manomi ya ga itacen ya zama nasa: ganye taki, ƴaƴa abincin bisashe, rassa na murhu. Yau gawo ya cika ƙasar.

To, ka ga takarda tana da amfani, amma ba ta gadin daji da dare. Mai gadi shi ne mutumin da ya tabbata abin da ya bari bana, shi ko ɗansa ne zai amfana baɗi. Kai kuma mai saye, kana da naka alhaki. In ka matsa wa mai kaba ko mai kifi sai ya sayar maka da araha, kai ne ka tura shi ya ɗebi na gobe. Ɓarawo da mai sayen kayan sata, ai tafiyarsu ɗaya.