Katanga Ba Ta Kai Ƙarƙashin Ƙasa

Takardar fili tana faɗin tsawo da faɗi, ta ambaci maƙwabcin gabas da na yamma, amma ba ta cewa komai game da zurfi. Mu mazauna Ƙofar Ɗan Agundi mun san abin da wannan shirun yake haifarwa. Mai hali zai kira masu injin haƙa, cikin kwana biyu a fito masa da bohol, kafin rani ya yi nisa gugar maƙwabta ta fara dawowa da taɓo. Bai haura katangar kowa ba. Birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwanmu yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, ita kuwa tsaga ba ruwanta da inda gidan wani ya ƙare. To, ya zalunci maƙwabtansa ko kuwa? Abin da ya ƙara wa tambayar wuya, sau da yawa shi ne zai fito da famfo ƙofar gida ya ce kowa ya ɗiba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna hurumin rijiya, wato tazarar da ke hana sabuwar rijiya shanye tsohuwa, sai dai a zamaninsu da hannu ake haƙa.

Irin wannan tambayar ce ta raba kan ƙasashe a kan hanyar haƙo gas da ake kira firakin. Ana huda ƙasa kilomita biyu ko uku, a karkata ramin ya tafi a kwance, sannan a tura miliyoyin litocin ruwa haɗe da yashi da sinadarai da ƙarfin gaske har dutsen ya tsattsage. Yashin ya tokare tsagogin, gas ya samu hanyar fita. Wani kaso na ruwan yana dawowa da gishiri da guba, dole a nemi inda za a kai shi. A jihar Oklahoma ta Amurka, mayar da irin wannan gurɓataccen ruwa cikin ramuka masu zurfi ya jawo ɗaruruwan girgizar ƙasa, har da mai maki 5.8 a 2016.

Amurka ta yi doka a 2005 da ta cire firakin daga mafi yawan sharuɗɗan dokar kare ruwan sha, kuma ta ci riba: a 2023 ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da gas ta jiragen ruwa. Faransa ta haramta shi a 2011. Ingila ta dakatar a 2019 bayan girgiza mai maki 2.9. A 2015 mutanen In Salah, cikin hamadar Aljeriya, sun shafe watanni suna zanga-zanga saboda tsoron abin da zai sami ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda ba su da wani sai shi.

Babu mai tsaga dutse don neman gas a Kano, amma hannunmu na ciki. Wutar da ke bi ta tashar lantarki ta Ɗan Agundi daga babban layin ƙasa take zuwa, kuma mafi yawanta da gas ake samarwa. Muna ɗokin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. A 2022 an yi bikin fara haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe. Muna son gas, kuma ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya ga motocin gawayi suna shigowa Kano, ko ya ga idon mai girki da ɗanyen ice, ya san ƙin gas ma yana da nasa zunubin.

Inda muka tsaya shi ne a kan wa nauyin kawo hujja yake. Yadda aka saba, mai haƙa yana haƙarsa, sai mai rijiya ya tabbatar an cuce shi. Da me zai tabbatar, alhali ba wanda ya auna ruwansa kafin injin ya iso? Mu masu rubuta manhaja ba ma taɓa rumbun bayanai sai mun ajiye kwafi, don in abu ya lalace a koma baya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da kwafi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya sami sinadarin benzin mai jawo kansa a rijiyoyin Ogale, ninki 900 na abin da aka yarda da shi, ya kuma ce gyara zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Can ma ba firakin aka yi ba, harkar mai ce ta yau da kullum.

Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya mallakar mai da gas, dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumomin sa ido. Mallaka dai ba ta sauke haƙƙin maƙwabtaka. Kafin a ƙara huda ƙasa a Kolmani, a auna rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye da kuɗin kamfani, a bayyana kowane sinadarin da za a tura ƙasa, a ɗora sakamakon a intanet da Hausa da Fulatanci, a kuma liƙa kwafi a ƙofar gidan dagaci.