Ɗan Da Ya Tuba Daga Shaye-shaye Ya Koma: A Tsine Masa Ko A Riƙe Shi?

 

Ya kai ɗan'uwa saurayi, ka san irin wannan gida a unguwarku. Yaro ya bar tiramol da kodin, ya yi wata uku yana sahun gaba a masallaci, uba har ya fara ɗaga kai cikin jama'a. Ran nan sai ga shi ya shigo yana layi. To me uban nan zai yi? Ya yi masa baki ya kore shi, ko kuwa ya ci gaba da riƙo?

Ka sani Allah bai haramta giya rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara aka nuna zunubinta ya fi amfaninta, a Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan a Suratul Ma'ida aka yanke ta. Haramci ya tabbata, ba mai sassauta shi. Amma darasin tarbiyya yana nan: abin da jiki ya saba da shi, rabuwa da shi sai a hankali. Likitoci ma sun tabbatar wanda ya bar tiramol yakan sha ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci, kuma komawa aba ce mai yawan faruwa.

Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya. Wani ya la'ance shi, sai Annabi (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Duba fa! An tsayar da hukunci, an hana tsinuwa. To ina hujjar uban da zai tsine wa ɗan cikinsa? In ka kore shi, wa ka miƙa wa? Dillalin ƙwaya ne zai ba shi masauki.

Haka kai shi gidan mari ba Sunna ba ce. A 1919 ba a san tiramol ba, amma a 2019 duniya ta ga yaran da 'yan sanda suka fitar daga irin gidajen nan a Kaduna da Daura, da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Zuwa wurin boka kuwa ya fi ƙwayar muni, domin wannan taɓa tauhidi ne. Magani yana asibiti, irin na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano, kuma Annabi ya yi umurni da neman magani.

Sai dai riƙo ba sakaci ba ne. Kada uba ya ba shi kuɗi a hannu, kada uwa ta riƙa rufa masa ƙarya. A raba shi da majalisarsa ta dā, a sama masa sana'a, a yawaita yi masa addu'a, domin addu'ar mahaifi karɓaɓɓiya ce. Shi ya sa bakinsa ke da hatsari.

Kai kuma saurayi, in abokinka ne, je ka ɗauko shi zuwa karatu, ka rage wa tsohon nan nauyi. In kuwa kai ne yaron, ka sake tuba yau, ko da wannan ce ta goma. Mahaifinka ba ya barci saboda kai, kuma za a tambaye ka hawayensa.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum.