Ƙudan Zuman Bayan Masallacinmu

 

Ya 'yan'uwa, duk mai zuwa sallar Asuba ya san ɗan filin nan na bayan wurin alwala. Ladanmu ne ya shuka zogale da kabewa da kuɓewa da 'yan furanni a wurin, ruwan alwalarmu ke shayar da su. Da hantsi za ka ga ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna ta shawagi, ƙadangaru na kiwon ƙwari a gindin katanga.

To, ranar Talata wani ɗan'uwa ya yi feshin fiya-fiya a wurin saboda sauro. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya saka masa. Amma da gari ya waye, ƙudan zuma muka share a ƙasa matattu. Shi ya sa na ga ya dace mu tunatar da juna.

Allah Maɗaukaki ya saukar da sura guda da sunan wannan halitta, Suratun Nahli. A aya ta 68 da 69 ya ba mu labarin yadda ya yi mata wahayi ta yi gida, ta ci daga 'ya'yan itatuwa, ta fitar da zuma mai waraka ga mutane. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe ƙudan zuma.

Mu 'yan kasuwa ma abin ya shafi aljihunmu. Kabewa furenta iri biyu ne, namiji da mace. Sai ƙudan zuma ya ɗauko garin furen namiji ya kai wa macen sannan ta yi ɗa. In bai zo ba, ɗan ya yi rawaya ya faɗi. Haka kankana take. Irin albasar da ake shukawa a Arewa, wadda ake sauke mana a kasuwar Shasha, sai da ƙwari suka bi furenta aka same shi. Kokon da maƙwabtanmu Yarbawa ke nomawa kuwa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne ke yi masa wannan aiki. Leburori ne da Allah ya ba mu, ba sa karɓar ko sisi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Musulmin da ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Ko a gidan haya kake a nan Sabo, tsohon bokiti ko buhun siminti ya ishe ka shuka kuɓewa.

Saboda haka kwamiti na roƙo: kada a ƙara feshi a kan furanni. Maganin sauro shi ne mu gyara kwata kada ruwa ya kwanta, kuma za mu yi aikin gayya gobe Asabar bayan Asuba. Iyaye, a ja kunnen yara su daina tsinke furanni da harbin ƙadangaru da danƙo. A kai su su gani, a koya musu cewa Subhanallah.

Allah ya sa mu zama masu tausayin halittunsa, ya yi wa kasuwancinmu albarka. Amin.

Sakataren Masallaci