Sarkin Da Ya Hukunta Ɗansa: Adalci Ne Ko Kuskure?

A tarihin ƙasar Lawos, can kudu maso gabashin Asiya, an yi wani sarki mai suna Suriya Wongsa wanda ya mulki daular Lan Sang daga 1637 zuwa 1694. Zamaninsa zamani ne na kwanciyar hankali, har birnin Biyentiyan ya zama matattarar malaman addinin Buda. A 1641 ma wani ɗan kasuwar Holan ya ziyarci fadarsa, ya rubuta irin ƙasaitar da ya gani.

To, sai ga shi an kama ɗansa, wanda shi ne magajin gadon sarauta, da laifin neman matar wani bafade. Hukuncin laifin kisa ne. Sarki yana da ikon yin sassauci, amma ya ƙi, aka zartar da hukunci. Da ya rasu babu magaji tsayayye, sai rikici ya ɓarke. A 1707 daular ta rabu biyu, Luwan Parabang da Biyentiyan, a 1713 kuma yankin Campasak ya ɓalle. Kafin ƙarnin ya ƙare duka ukun sun shiga ƙarƙashin Siyam, wato Tailan ta yau.

Shin daidai ya yi? Wasu za su ce adalcin da ya rushe daula ba abin yabo ba ne, domin talakawan da yaƙi ya ci daga baya ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wannan magana tana da nauyi. Sai dai mai karatu ya tambayi kansa: da ɗan manomi ne ya yi laifin, wa zai nema masa sassauci? Dokar da take tsallake gidan sarki ta faɗa gidan talaka sunanta zalunci. Idan hukuncin ya yi tsanani, a sassauta wa kowa. Idan ba haka ba, ya hau kan kowa.

A ganina, laifin sarkin yana wani wuri dabam. Shekara hamsin da bakwai ya yi a kan gado, amma bai tsara yadda mulki zai wuce hannun wani lafiya ba. Ya bar zaman lafiyar ƙasa rataye a wuyan mutum ɗaya. Shugaban da ya tsaida adalci ya sauke rabin nauyinsa ne. Sauran rabin shi ne ya bar tsarin da adalcin zai rayu bayan ransa.