Shirin Tafiya: Tsoro Ne Ko Haƙƙin Wani?

Akwai wani abokina, ɗan ajinmu, wanda tun muna aji ɗaya ya ƙudura cewa in ya gama jami'a zai hau babur daga Kano har Kef Tawun, can ƙarshen Afirka ta Kudu. Ya manna taswira a bangon ɗakinsa, ya ja layi da jan biro: Kamaru, Gabon, Kwango, Angola, Namibiya. Yana da wani littafi da yake rubuta abin da zai bukata: fasfo da biza, katin allurar shawara, takardar kwastan wadda ke tabbatar da cewa ba zai sayar da babur ɗin a ƙasar wasu ba, tayar safaya, kayan faci, sarƙa, fulogi, jarkar mai da ta ruwa. Wata rana wani ɗan ɗakinsu ya leƙa littafin, ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai tsoro ne. Namiji ya hau ya tafi, Allah na nan, mutane kuma na nan."

Wannan magana ce ta sa ni rubutun nan. Sashenta na farko ba ni da ja a kai, domin malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba. Sashe na biyu ne ya tsaya mini a rai, watau "mutane na nan". Su wane ne mutanen nan? Kuma wa ya tambaye su kafin a sa su cikin lissafi?

Bari mu dubi waɗanda suka riga suka yi irin wannan tafiya. A watan Disamba na 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin fasinja a gefe, suka ratsa Sahara ta Tamanrasat, suka isa Kef Tawun a watan Yuli na 1935. Injin ya lalace musu a hanya, sai da suka yi zaman makonni a Agadas kafin a tashe shi. A 2022 kuma Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur, cikin kwana arba'in da 'yan kai, don wayar da kan jama'a game da cutar shan-inna. Idan aka ba da labarin irin waɗannan mutane, sunansu kaɗai ake kamawa. Amma ko ɗan acaɓa ya san babur ba ya yin tafiyar wata guda ba tare da hannun wani ya taɓa shi ba. Akwai bakanike a bakin hanya, akwai mai tura shi daga cikin yashi, akwai matar da ta ɗebo ruwa daga randarta.

Labarin da ya fi nuna abin a fili shi ne na Ernesto Guevara, wanda duniya ta sani daga baya da laƙabin Che. A farkon 1952, yana ɗalibin likitanci mai shekara 23, ya bar Ajantina tare da abokinsa Alberto Granado a kan wani tsohon babur ƙirar Norton, da nufin su ratsa Amurka ta Kudu. Shirinsu bai taka kara ya karya ba. Tun a ƙasar Cile babur ya mutu murus, suka bar shi, sauran tafiyar kuwa suka ƙarasa ta a bayan manyan motoci da jiragen ruwa, suna ci suna kwana a gidajen mutane. Guevara da kansa bai ɓoye ba cewa har dabaru suke ƙirƙira don a saya musu abinci. To, wa ya biya kuɗin wannan sakaci? Ai ba su ba ne. Direbobi ne da manoma da leburori, waɗanda da yawansu abincin yini ma da ƙyar suke haɗa shi.

A nan ne nake ganin ɗan ɗakin abokina ya yi kuskure. Mu Hausawa mukan ce baƙonka annabinka, kuma gaskiya ne mutumin ƙauye ba zai ga matafiyi cikin ƙishirwa ya kau da kai ba. Amma fa wannan karamci an gina shi ne domin wanda hanya ta ci ƙarfinsa: fatake, da alhazan ƙafa da suka riƙa bi ta Cadi da Sudan shekara da shekaru, da wanda dare ya riska. Shi kuwa mai babur da kansa ya zaɓi wahalar, ba wanda ya kore shi daga gida. Idan ya san tsakanin gari kaza da gari kaza babu mai, ya ƙi ɗaukar jarka don yana da tabbacin wani zai tsiyaye masa nasa, to, ya mai da kirkin mutane guzuri. Ya ci bashin da bai sanar da mai shi ba. A hamada kuwa abin ya wuce bashi, domin ruwan da aka ba shi na iya zama wanda wani zai rasa gobe. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, galibinsu mata da yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Su ba yawon buɗe ido suka fita ba. Wanda ya shiga wannan yashi don marmari, da wane ido zai nemi rabo daga salkar irinsu?

Mai karatu zai iya cewa, ashe ke nan sai mai kuɗi zai yi tafiya, wanda zai biya kowa ladansa. A'a. Wanda ma ya ƙi karɓar alheri don kada a ce an taimake shi, girman kai ne ke damunsa, kuma ya yi asarar rabin abin da ya fita nema. Ba kuma wani littafi da zai hana sarƙa tsinkewa a dajin Kwango. Abin da nake cewa shi ne a raba tsakanin larurar da ta faɗo wa mutum da wadda ya gani tun daga gida ya bar wa wasu su ɗauka. In za a yi wa Guevara da Granado adalci, da suka isa wurin jinyar kutare na San Pablo a ƙasar Feru sun zauna sun yi aiki, suna gaisawa da majinyata hannu da hannu, har mutanen wurin suka haɗa musu kwale-kwalen katako suka bi kogin Amazon da shi. A nan kam sun ci, sun kuma bayar.

Na gaya wa abokina wannan ra'ayi nawa a kan hanyarmu ta zuwa lacca. Bai ce mini komai ba. Bayan kwana biyu na ga ya fara zuwa wurin wani mai gyaran babur a bakin ƙofar makaranta, yana koyon kwance kafireta da ɗaure sarƙa. A littafin nan kuma, inda dā ya rubuta kayan faci ɗaya, ya soke ya rubuta uku.