Littafi, Bidiyo da Haƙƙin Makaɗi

Matasan Maradi da Damagaram suna neman koyon kiɗa daga littafi da bidiyo, kuma sau da yawa malamai da ƙungiyoyinmu ke zaɓa masu. Da wane ma'auni za mu zaɓa?

Kalangu magana yake yi: makaɗi yakan matse tsarkiya a hammata, sauti ya hau ko ya sauka bisa karin harshen Hausa. Littafin da ya ƙidaya bugu, bai rubuta taken da kalangu ke faɗi ba, hannu kaɗai ya horar. Bidiyon da ya ɓoye sunan makaɗi da garinsu kuwa ya ci amanar gidan da sana'ar take gadonsa.

Saboda haka mu fifita wanda ya ambaci mai kiɗan, ya bayyana take, sannan ya tura ɗalibi ya durƙusa gaban gwani.